Saniyar da Aka Ce Tana Ɗingishi

Tun ranar da likita ya latsa gwiwar nan tawa ya ce in rage zirga-zirga, gidana ya koma kotu, kowa ya zama alƙali a kaina. Uwar yaran ta ɓoye makullin babur. Babban ɗana kuma yana bugo waya daga Dutse safe da yamma, maganarsa ba ta wuce ɗaya: “Baba, ka ajiye koyarwar nan haka nan. Me ya rage wanda ba ka yi ba?” Ni kuwa zama ne ban iya ba. In na shimfiɗa tabarma a zaure, kafin shayi ya huce na tashi na leƙa waje, na dawo, na sake tashi, sai ka ce wanda ya bar tukunya a wuta. Amma ba gwiwar ce ta fi tsaya mini a rai ba. Yaron nan da ke yi mini faɗa a waya ɗan fari ne, ina kiran sunansa gatsal, yana mayar mini da magana, har dariya muke yi tare. Ni ma ɗan fari ne, kuma har mahaifina ya koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinsa ba.

A ruga na tashi, tsakanin Kiyawa da Dutse, a shekarun da aka ba mu jiha. Dutse a lokacin ba ta gama farkawa ba. In ka hau tudu da yamma duwatsu kake gani da itatuwan dabino, sai 'yan gine-ginen gwamnati da aka fara ɗagawa, muna nuna su da sanda muna tambayar juna wa zai cika su. Abin da ke tashinmu daga barci kukan maruƙa ne a dangwali, igiyar nan da ake ɗaure su a jere, kowanne yana kiran uwarsa. Sai ƙarar madara tana faɗawa cikin ƙwarya, da farko da kaifi, in kumfa ta taru sai ta yi laushi. Sai maburgin mahaifiyata a cikin nono, sai hayaƙin da ake yi wa shanu saboda ƙuda, wanda ke kama riga har in ka shiga kasuwa kowa ya san daga inda ka fito. Nawa aikin shi ne riƙe maraƙi ana tatsar uwarsa, kwashe kashin shanu, da bin garke har rana ta faɗi. Yanzu wurin nan duk an yanka shi filaye. An kafa gidan mai a kan mashayarmu, burtalin da shanu ke bi ya zama gonar riɗi. In na bi ta hanyar nakan rage gudu ina neman inda bukkarmu take, har masu a-daidaita-sahu su dame ni da ham.

Baffa muke ce wa mahaifinmu. Dogo ne, marar yawan magana, malfa ba ta rabuwa da kansa. Da ƙannena yakan yi wasa, ya ɗora su a wuya, ya laƙaba musu sunayen tsokana. Ni kuwa ko kallona ba ya yi in da mutane a wurin. In yana son in ɗebo ruwa sai ya dubi bukka ya ce, “A ce wa wancan ya ɗebo ruwa,” alhali ina tsaye kusa da shi har inuwarmu ta haɗu. Kunyar ɗan fari ke nan. Hausawa ma suna yi, amma tamu ta fulako ta fi tsanani. Ban ɗauke ta ƙiyayya ba, don haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari, sai dai in na ce ba ta taɓa ci mini rai ba na yi ƙarya. Goggo, 'yar'uwar Baffa da ke aure a ƙauyen kusa da mu, ita ce bakinsa a wurina, ita ce kuma bakina a wurinsa. In na kai mata ƙorafi takan ce, “Labarin zuciya a tambayi fuska.” Ni kuma in ce, “To Goggo, fuskar da ke ƙarƙashin malfa fa?” Sai ta kawo mini duka da ludayi.

Makarantar 'ya'yan makiyaya ta same ni da girmana, don ban daɗe a cikinta ba muryata ta fara buɗewa. Rumfar kara ce a gindin tsamiya, da allon katako da muke shafa wa baƙin tsohon batir in ya koɗe. Malaminmu mutumin Ringim ne, gajere, mai saurin magana, yana zuwa daga Kiyawa a kan keke, ƙafar wandonsa ɗaure da roba. Tun da wuri ya gane ƙararrawa ba ta aiki a ruga. Lokacin karatu shi ne tsakanin gama tatsa da sakin shanu, kafin raɓa ta bushe, don ba a sakin shanu a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Da hantsi ya yi aka ji garke ya motsa, aji ya watse ke nan, ko da yana tsakiyar magana. Sau da yawa yakan biyo mu da alli a hannu yana ƙarasa abin da ya fara, mu kuma muna amsawa muna gudu.

Littafin Turancin da aka aiko mana daga Dutse yana da wani yaro a ciki. Agogo ne ke tashinsa, ya goge haƙori da buroshi, ya sha shayi da burodi, mota ta zo ta kai shi makaranta. Muka yi ta kallon hotonsa kamar wanda ya faɗo daga wata. Malam ya rufe littafin ya ce, “Wannan yaron ba ɗan nan ba ne, mu ƙyale shi ya sha shayinsa. Ku me kuke yi kullum?” Ya ce Turawa suna da hanyar magana ta musamman don abin da mutum ya saba yi, wanda ya yi jiya, yake yi yau, kuma ba ya shakkar zai yi gobe, kamar fitowar rana ko kukan zakara. Ita za mu koya, kuma da namu aikin za mu koye ta. Sai ya sa kowa ya tashi ya faɗi nasa da Hausa, shi kuma ya juya shi zuwa Turanci. Ina tatsar saniya kullum. Ina kai shanu mashaya kullum. Wani ya ce yana shan duka kullum, Malam ya juya masa wannan ma, ya sa duk muka maimaita. Muka riƙa rera “I go, you go, he goes” muna buga sanda a ƙasa, har matan da ke wucewa da ƙoren nono suka haddace.

Wannan ɗan harafin “s” da ake liƙa wa kalmar aiki in ana maganar wani mutum guda, shi ne ya ba mu wuya, kuma Malam ya raɗa masa suna wutsiya. “In maganar kanka kake yi, ko ta wanda ke gabanka, babu wutsiya. In maganar wancan ce, sai ka sa masa.” In wani ya manta, sai ya dafa kai ya yi ihu, “Kai! Ka yanke wa saniya wutsiya, da me za ta kori ƙuda?” Ni dai ban sha wuyarta ba. Na riga na saba da zama wancan, na san yadda ake maganar mutum yana tsaye a wurin.

Da na yi 'yan shekaru a rumfar, Malam ya ƙwallafa rai a kaina. Ya ce lalle in zauna jarrabawar shiga sakandare. Matsalar ita ce jarrabawar da rani ake yi, mu kuwa da an gama kaka, shanu sun cinye karan gonaki, sai mu naɗe bukkoki mu nufi kudu neman ruwa da ciyawa, ba ma dawowa sai ruwan farko ya sauka. A shekarar kuma ni ne hannun daman Baffa, don ƙannena ba su isa tare garke ba. In na tafi, jarrabawa ta wuce ni, kuma na yi girman da ba za a sake jira na ba. In na zauna, Baffa zai bi daji da shanu ba mataimaki. Ina son karatun kamar raina, ina kuma son tafiyar, don kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma saurayin da aka bari a baya abin dariya ne a wurin sa'anninsa. Na rasa wanda zan zaɓa, kuma ba ni da bakin tambaya. Ƙafafuna suka ƙi zama wuri ɗaya tun daga lokacin.

Malam ya tari Baffa a kasuwar Kiyawa, ina can gefe riƙe da igiyar ɗan maraƙi. Bayan gaisuwa ya ce, “Baffa, maganar yaron nan ce ta kawo ni. Allah ya ba shi kai. In aka bar shi ya zauna jarrabawa, za a ga abin alheri.”

Baffa ya dubi sama ya ce, “Malam, bana ruwa ya ɗauke da wuri.”

“Haka ne. To maganar yaron fa?”

“Ciyawa ma ba za ta kai ko'ina ba. Allah dai ya kyauta.” Ya gyara malfarsa ya yi gaba.

Malam ya ɗauka an ƙi ne. Bai san cewa ko da Baffa ya amince ɗari bisa ɗari ba zai iya tsayawa a tsakiyar kasuwa ya tattauna ɗan farinsa da baƙo ba. Ni kaina ban san ko ƙi ne ko kunya ba. Sai Malam ya shirya wata dabara. Ya roƙi Arɗo, shugaban rugagenmu, ya tara iyaye a gindin tsamiya kafin a tashi, su ji abin da 'ya'yansu suka koya. Yana ganin in Baffa ya ji ni da kunnensa, zuciyarsa za ta yi taushi.

Ranar aka shimfiɗa tabarmi, dattawa suka zauna kowa da sandarsa a kan cinya, mata suka tsaya daga nesa. Yara suka riƙa tashi suna faɗin abin da suke yi kullum, ana dariya ana sa albarka. Ni aka ajiye ƙarshe, kuma nawa daban ne: abin da mahaifina yake yi kullum. Na miƙe, na kafa idona a kan allo, na zuba shi da Turanci ba tuntuɓe, kowace wutsiya a wurinta. Da a nan aka tsaya da an rabu lafiya, don ba wanda ya fahimta. Amma Malam ya juya wa dattawa da Hausa: “Cewa ya yi, mahaifina yana tashi kafin alfijir. Yana tatsar shanu. Yana sallah a kan lokaci. Yana kai garke kudu kowane rani, yana dawowa da ruwan farko.” Na ga malfar Baffa tana ƙara sauka.

Malam, da daɗi ya kwashe shi, bai lura ba. Ya matsa gaban Baffa ya ce, “Baffa, ga ɗanka nan, ɗanka na fari, ka ji shi! Yanzu kai ma ga naka, gajere ne, ka faɗa bayana. My son goes to school every day. Wato ɗana yana zuwa makaranta kullum.” Ya maimaita a hankali, ya sake maimaitawa, yana kaɗa alli kamar yadda yake yi mana. Arɗo ya yi gyaran murya. Wani dattijo ya ce ƙasa-ƙasa, “Subhanallahi.” Baffa ya dafa sandarsa ya miƙe, bai dubi kowa ba, ya bi hanyar garke. Sauran dattawan suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Malam ya tsaya da alli a hannu yana tambayata, “Me na yi?”

Daga ranar na daina zuwa rumfa. Na ce a raina magana ta ƙare, an kunyata Baffa a gaban mutane saboda ni, ba kuma zan ƙara ba. Na faɗa aikin shiri kamar mai huce haushi: na murɗa igiyoyi, na gyara sanda, na ɗinke takalmina na taya. Malam ya zo har ruga ya ba Arɗo haƙuri, ya neme ni, na ɓuya a bayan shanu. Goggo ta ce, “Kai dai ka cika gaggawa. Ya ce maka wani abu ne?” Na ce, “Yaushe ya taɓa ce mini wani abu?” Wannan karon ba ta ɗauki ludayi ba.

Safiyar tashi aka naɗe bukkoki, aka ɗora kaya a kan jakuna da takarkarai, mata suka jera ƙore a kai. Goggo ta zo sallama. Ina gaban garke da sandata a wuya, na ƙagu a motsa. Sai Baffa ya shiga cikin shanun ya kamo wata farar saniya da ɗan maraƙinta. Tawa ce, jikar karsanar da aka ba ni ranar sunana, kuma a garken duka ba wadda ta fi ta nono. Ya jawo ta har gaban Goggo ya ce, “Saniyar nan tana ɗingishi, ba za ta kai ba. A bar ta a gidanki.” Ya ƙara da cewa, “A sami wanda zai tsaya ya kula da ita.”

Saniyar nan ƙalau take tafiya. Kowa ya gani, ba wanda ya ce uffan. Na buɗe baki na ce, “Goggo, ai ba ta…” Ta zare sandar daga wuyana ta sa mini igiyar a hannu ta ce, “Ka ji dai abin da aka ce.” Garke ya motsa. Baffa da kansa ya shiga gaba, inda ya kamata in kasance, ƙanena ƙarami yana bin baya da sandar da ta fi shi tsawo. Na tsaya har kukan shanun ya ɓace. Baffa bai waiwayo ba.

Ranin nan ban san yadda na ƙare shi ba. Ɗakin ƙasa ya yi mini ƙunci, katanga ta tsare mini ido. Da asuba in tatsi saniyata, in je rumfa, inda ni da 'yan ƙauye kaɗan muka rage wa Malam, da yamma kuma in hau tudu in yi ta kallon kudu. Wani lokaci in ce hannunka mai sanda Baffa ya yi mini, izini ne ya ba ni ta hanyar da yake iyawa. Wani lokaci kuma in ce a'a, horo ne, ya ga ban cancanci bin garke ba. In na tambayi Goggo sai ta ce, “Sha nononka.” Malam ya rage surutu a shekarar, amma bai rage mini aiki ba. Ranar jarrabawa shi ya goya ni a keke har Kiyawa, yana haki yana yi mini tambayoyi a hanya.

Da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, aka ce an hango shanunmu. Na saki abin da ke hannuna na ruga, saniyata tana biye da ni don ta ji kukan 'yan'uwanta. Na iske Baffa a gefen garke shi kaɗai yana kafa turken dangwali. Ya rame, ya yi baƙi, diddigensa duk ya tsage. Na durƙusa nesa kaɗan na gaishe shi, ya amsa kamar yadda ya saba, yana kallon wani wuri. Saniyar ta matso ta sa hanci a kafaɗarsa. Ya shafa wuyanta, ya ɗaga ƙafarta ta gaba ya duba kamar da gaske, ya ajiye. Sannan, fuskarsa a wajen kunnenta, da murya ƙasa-ƙasa kamar mai yi mata sirri, ya ce:

“Mai san gos tu sukul ebiri de.”

Har wutsiyar bai yanke ba. Mutumin da bai san ko harafi ɗaya na boko ba, ya ɗauki maganar nan daga gindin tsamiya a ranar da aka kunyata shi, ya kai ta kudu, ya yi rani da ita a daji, ya dawo da ita ba ta zube ba. Da Hausa ko Fulatanci bakinsa ba zai taɓa iya cewa ɗana ba. Na kifa kaina a gwiwa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina ƙarami. Shi kuwa ya ci gaba da buga turkensa, can ya dubi bukka ya ce, “A ce wa wancan ya kawo igiya.”

Bai sake faɗinta ba har abada, ni ma ban taɓa gaya wa Malam ba, har aka mayar da shi Taura muka rabu. Na ci jarrabawa, na wuce, na zama malamin Turanci. Baffa ya rasu a shekarun da aka kawo shari'a, lokacin da kiɗa ya yi ƙasa a kasuwanni, hanyoyin kudu kuma suka fara toshewa. Ƙannena suka rage shanun, wani ya kama acaɓa, wani ya buɗe shago. Duk abin da na tsaya na faɗa a kan Baffa ranar nan, na tatsa da tafiya da dawowa da ruwan farko, ba mai yin sa a gidanmu yau. Malam ya ce mana hanyar maganar ta abin da ba ya canzawa ce, ga shi duk ya canza. Maganar Baffa kaɗai ta rage.

Har yanzu in na zo wannan darasin nakan rufe littafi in tambayi yara me suke yi kullum. Amsoshin sun zama na cajin waya da kallon ƙwallo, ina juya musu haka nan, ina yi musu ihun wutsiya, suna dariya ba su san saniyar da ake nufi ba. Jiya babban ɗana ya sake bugowa, na bar shi ya gama faɗansa, na kira sunansa na ce ya yi haƙuri. Yau da safe uwar yaran ta ga na sa hula na ɗauki alli, ta ce makullin dai ba za ta bayar ba. Na ce ta riƙe abinta. Na jawo tsohuwar sandata daga bayan ƙofa, na fita ina ɗingishi, nawa kuma na gaske ne. Mahaifina magana ɗaya ya taɓa yi a kaina, ba ni ne zan mayar da ita ƙarya ba.